Katin da Ɓarawo Ya Bari

Ƙarfe tara na safe aka kawo rahoto caji ofis cewa an fasa wani situdiyon shirya finafinai, an ɗauke kyamara. Insfekta ya ja tsaki, a zatonsa irin ta masu hoton biki ce. Sai da aka ce masa kuɗinta ya kai na gida guda sannan ya lalubi hularsa, ya kira Saje.

Mai situdiyon, wanda kowa ke ce wa Darakta, ya tare su a ƙofa yana nuna kwaɗon da aka ɓalle. Wata dattijuwa na zaune a benci, ta rafka tagumi.

"Yayata ce," in ji Darakta. "Gidanta ta sayar muka sayi kyamarar."

"Ce min ya yi cikin shekara guda za ta mayar min da gidana," in ji matar. "Wai manyan kamfanonin talla ba sa kallon mai ƙaramar kyamara. Ranka ya daɗe, ka nemo min ita. Haya nake zaune, ba ni da komai sai ita."

A ciki, ƙafafun kyamarar na tsaye babu komai a kansu. Fitilu da kwamfuta duk suna nan.

"Yaya kuka bar ta jiya?"

Darakta ya ce, "Yadda muka dawo daga ɗaukar talla, da katinta na ajiye hoto a ciki. Gajiya ta hana mu taɓa komai."

Insfekta ya jawo wata durowa, ya ga katuna a jere, kowane da jan salatif da kwanan wata. Ya sa aka kira mai ɗaukar hoto, wani tsoho da ake kira Dogo.

"Menene amfanin jan salatif ɗin nan?"

"Ƙa'idar aiki ce, yallaɓai. Katin da ke da aikin mutane, da an zare shi ake manna masa, don kada wani ya goge. Hannu ya saba, ko tunani ba ma yi."

"Su wa ke yi?"

"Ni da Darakta."

Insfekta ya ɗago kati na ƙarshe. Kwanan watan jiya ne a jiki.

"Ɓarawon naku akwai tausayi. Ya zare aikin jiya, ya manna masa alama, ya adana muku."

Dogo ya ce, "Ni na zare. Darakta bai gani ba."

Insfekta ya juya katin. Da haƙori aka tsinke salatif ɗin, ga shaidar nan ɓaro-ɓaro. Ya dubi bakin Dogo, gaban nan fayau.

"Baba, da wane haƙorin?"

Babu wanda ya yi dariya. Darakta ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Ƙyale tsohon nan, rufa min asiri yake. Wata takwas ke nan, sau biyu kacal aka ɗauke mu aiki. Kowa sai ya yaba hoton, sannan ya ce na waya ma ya ishe shi. Na kai ta kasuwa, an taya rabin kuɗinta. Inshora kuwa tana biyan sata, ba ta biyan kuskure. So na yi in mayar wa Yaya gidanta."

"Tana ina?"

Ya nuna silin da yatsa.

Saje ya taka tebur ya leƙa, ya sauko da wani buhu yana ɗiga. Kwanon rufin yana yoyo, ga ruwan da aka tafka da asuba. Dogo ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya karkata ta, ruwa ya tsiyayo daga cikinta. Ya danna makunni sau uku ba ta kama ba, sannan ya ajiye ta.

Shekara ashirin Insfekta yana wannan aiki, bai taɓa baƙin cikin gano gaskiya irin na yau ba. Amma ya yi wa Saje alama, aka sa wa Darakta ankwa.

Da suka fito, dattijuwar ta miƙe da sauri. Kyamarar ta fara hangowa a hannun Dogo, fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi! An same ta?"

Sannan ta ga ankwa a hannun ƙaninta. Ta dubi Insfekta.

"To ku sake shi mana, ai ga ta nan. Na yafe. A sayar ko a rabin kuɗin ne, ɗaki ɗaya ma ya ishe ni."

Insfekta ya bar wa Dogo ya faɗa mata ruwa ya lalata kyamarar. Ya tasa ƙeyar Darakta zuwa mota.