Gwajin da Ya Ƙi Yin Ja

Da hantsi Inno Yelwa ta faɗo ofishin 'yan sanda na Dutsin-Ma. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta zazzage buhu a kan teburin Sufeto Ya'u. Albasa ce, 'yan mitsi-mitsi kamar goro, ganyen ya bushe ƙayau.

"Ga gawa na kawo maka, Yallaɓai."

"Inna, ai albasa ce wannan."

"Kashe ta aka yi! Da ƙishirwa, ga ruwan dam ɗin Zobe maƙil a gabanta."

Abin da ya faru ke nan. Wata ƙungiyar manoman rani a bakin dam tana da babban injin ban ruwa guda ɗaya. A da, rabon ruwa sai an zare sanduna. Sai suka sa aka rubuta masu manhaja a wata babbar kwamfuta da ke can nesa, ita ke tura wa manomi da mai injin saƙon waya: gobe ruwan wane ne. Saƙon Inno ya ɗauke ɗif. Na maƙwabcinta Hudu kuwa sai zuba yake kamar ruwan Agusta. Bazawara mai marayu fa! Wannan wane irin rashin imani ne?

Sufeto ya ɗauki hularsa, sai ofishin ƙungiyar.

Mutum uku ya tarar: Malam Abdullatif sakatare, da Rukayya mai rubuta manhajar, da mataimakiyarta Basma, amarya, lallen ƙafarta ko gogewa bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka," in ji sakatare. "Ga ta nan. Sunan Rukayya ne a kan gyaran ƙarshe. Ka tafi da ita mu huta."

Ku ji fa! Yarinyar da ta raba su da fashe-fashen kai, ita za a miƙa kamar akuyar sadaka.

"Wa ya san lambar sirrinki?" Sufeto ya tambayi Rukayya.

"Kwamfutar ɗaya ce, Yallaɓai. Duk da lambata ake shiga."

"Ni ko kunna ta ban iya ba," in ji sakatare.

"To wa ya bar wasan ƙwallo a buɗe a nan?"

Sakatare ya hau gyaran hula. "Wani lokaci dai... idan babu aiki."

"Ke fa, amarya?"

"Ni sunaye kawai nake shigarwa. Ban san ko manomi ɗaya ba." Ta sunkuyar da kai, kamar ka sa mata yatsa a baki ba za ta ciza ba.

Rukayya ta share hawaye ta ce, "Abin da ya ɗaure min kai, akwai gwaji. Kowane yanki na manhajar na rubuta masa ɗan gwajinsa, da manoman ƙarya a ciki. In na danna, sai su bi aikin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi daidai kore, wanda ya karkace ja. Kullum da safe sai na danna."

Kayan gwajin nan suna da wani suna na Turanci, ya fi ƙarfin haƙorana.

Ta danna. Allo ya yi kore shar kamar gonar alayyahu.

Sufeto ya daɗe yana kallo. "Mahaifina awo yake a kasuwa," ya ce. "Mudun da aka danna wa gindi, kullum cewa yake ya cika. Ɓata wurin rabon ruwan da gangan mu gani."

Ta ɓata shi, ta hana kowa ruwa. Ta sake dannawa. Kore!

"Innalillahi!" Rukayya ta buɗe gwajin. Fanko ne. An yashe cikinsa kamar ƙwarya, an bar masa umarni guda: ko me ka gani, ka ce daidai ne.

"Yallaɓai, har kan maganar ba nawa ba ne," ta ce a hankali. "Dubi: Mai sunan Baba ba ya shan ruwa sau biyu kafin Kyauta ta sha. Ni Tukur na rubuta. Tukur da Kyauta, su ne manomana na ƙarya. Tsohon gwajin yana nan a wayata."

"Rufe," in ji Sufeto. "Kada ki faɗa wa kowa. Kuma kada ki bar gari."

A bakin dam ya iske Hudu tsamo-tsamo cikin laka, albasarsa kowace kamar kan jariri. Ta Inno a gefe kamar an bi ta da wuta.

"Gonar wa ce?"

"Tawa ce. Gadon ubana."

"Ina kake kai albasar?"

"Kasuwa."

"Wace?"

Hudu ya sosa ƙeya. "Kurfi."

"Ka tsallake kasuwar Dutsin-Ma da ke bakin ƙofarka? Me ka ajiye a Kurfi?"

Hudu ya ce ciki ya murɗa masa.

Ranar kasuwar Kurfi Sufeto ya sa kayan gida, ya zauna wurin masu tuyar ƙosai. Wayayye ne. Duk mai neman labari ya bar rediyo ya nemi kaskon ƙosai. Kafin na hannunsa ya huce ya ji cewa Hudu ɗan ƙwadago ne kawai, gonar ta wani Alhaji Tukur ce na nan Kurfi. Ya kuma ji a wane gida aka yi buɗar kai kwanan baya, har da adadin akwatunan da ba ruwanmu.

Washegari ya tara su a ofishin ƙungiya. Inno Yelwa ta zo da buhunta ba wanda ya gayyace ta.

"Gilashina na manta," in ji Sufeto, alhali yana aljihunsa. Ya miƙa wa sakatare wayar Rukayya. "Karanta min wannan da ƙarfi."

"Tukur ba ya shan ruwa sau biyu kafin Kyauta ta sha."

"Ban ji ba. Amarya, ke muryarki ta fi fita."

Basma ta karɓa. Ta buɗe baki, ta rufe.

"Mai sunan Baba ba ya..."

Ta tsaya. Sufeto ya matso kusa da ita.

"Haka aka rubuta a wayar?"

"A'a."

"Amma haka aka rubuta a kwamfutar. Wa Naziru ɗan Alhaji Tukur ya aura?"

Sai Basma ta fashe da kuka, ita ce matar Nazirun. Wai uwar miji ce ta yi ta yi mata gori, me amfanin suruka a ofis in albasar gida tana bin layi. Ta karkata rabon ruwa, gwaji ya yi ja. Ta tsorata ta goge shi. Ta tuna Rukayya za ta ga babu shi da safe, sai ta sake rubuta fankonsa da ka. Da ta zo kan sunan, hannu ya ƙi.

"Kuma kina zaune za a tafi da ni?" in ji Rukayya. "Ni da na koya maki riƙe linzamin kwamfuta?"

Sakatare ya fara, "Ni dama tun farko na ce Rukayya ba za ta..."

"Malam, yi mana shiru," in ji Sufeto. Ya aika a zo da Hudu da Alhajin. "Ke kuma mayar da gwajinki na asali."

Rukayya ta mayar, ta danna. Allo ya yi ja wur. Sufeto ya ce ta koma bakin aikinta, babu laifinta.

'Yar sanda ta riƙo hannun Basma. A bakin ƙofa Inno Yelwa ta tare hanya.

"Yarinya, kin iya kunya. Sunan suruki ya yi maki nauyi a hannu, amma abincin marayuna bai yi ba?"

Ta ɗora mata buhun busasshiyar albasar a ka.

"Ungo, in kun haɗu a caji ofis ki ba Tukur. Tukur na ce! Ni bakina ba ya nauyi."