Katifun da Suka Fi Gidan Girma

"Sauke labulen nan, Ghizlan!"

"Ba zan sauke ba!"

"To ni zan sauke shi."

"Taɓa ka gani, Nizar... wallahi taɓa ka gani!"

Ta tsaya ta kare labulen da jikinta, kwamfuta a hannu ɗaya, butar shayi a ɗayan. A cikin motar da suke kira gida, idan mutum biyu suka tashi faɗa dole numfashinsu ya haɗu, don babu wani ɗaki da za ka shige ka bugo ƙofa. Wannan na daga cikin abin da ya fi ƙona mata rai.

Wata goma sha huɗu kenan da suka saki gidan hayarsu na Agadir, a ƙasar Maroko, suka sayi wannan doguwar mota mai gado da kicin da ɗan banɗaki. Ita tana zana wa wani kamfani na Faransa fasalin ɗakuna ta intanet, shi kuma yana koyar da Turawa Larabci ta waya. Duk inda sabis ya yi ƙarfi nan ne garinsu. Wannan makon a kan wani dutse suke kusa da Mirleft, teku na ta hauka a ƙasansu, tankin ruwa ya kusa ƙarewa, batir kuma sai kuka yake saboda kwana biyu hadari ya hana sola cin rana.

Amma ba wannan ya haɗa su ba. Labulen ne.

Koren labule ne mai zaren gwal, mahaifiyarta Lalla Zuhur ta ɗinka shi da hannunta lokacin bikin aurensu. Da suka bar gidan haya Ghizlan ta cire shi daga falo ta rataye a bayan kujerar direba. Duk sanda uwar ta kira ta bidiyo daga Sefrou, sai ta zauna gabansa tana murmushi. Ita dai Lalla Zuhur har yau ta san 'yarta na bene hawa na uku a Agadir.

"Har yaushe?" Nizar ya ce, muryarsa ta sauka. "Duk Juma'a sai in fita waje in tsaya kamar ɓarawo, kar ta ji ƙarar ƙofar mota. Gidana ne fa wannan, habibti. Kunyarsa kike ji?"

"Ba kunya ba ce..."

"To mece ce? Ke fa kika kawo shawarar! Ke kika ce bango ya ishe ki!"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa haushi ya ƙara turnuƙe ta. Ta buɗe baki kenan wayarta ta ɗau ruri. Ta duba, mahaifiyarta ce. Yau Litinin ce, ba ranar kiran ba.

Ta yi masa nuni da ƙofa. Ya yi mata wani irin kallo, ya ɗauki takalminsa ya fice.

"Mmi! Lafiya dai?"

"Lafiya lau, 'yata, albishir!" Fuskar tsohuwar ta cika allon wayar, don har yau ba ta iya nesanta ta da hanci ba. "An gama! Jiya mai ɗinki ya rufe ta ƙarshe. Katifa biyar, daidai awon da kika ba ni."



A Sefrou ba a kiran falo falo sai an jera masa dogayen katifu a jikin bango, kuma mace mai ji da kanta ba ta yarda da soso ba, gashin tumaki ake ɗura musu har su yi tauri. Tun Ghizlan na 'yar shekara sha uku uwarta ke tara gashin. Kowace Babbar Sallah sai ta aske fatar ragon, ta ƙara da na kasuwa, ta wanke a bakin kogi, ta shanya a saman soro, ta zauna tana tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Bara da ta nemi awon falo, Ghizlan ta rasa yadda za ta yi, sai ta ba ta na tsohon gidan: mita biyar da huɗu. Ita da awo ne sana'arta. Ta ɗauka ciwon gwiwa ba zai bar tsohuwa ta yi tafiyar awa goma ba.

"Kawunki Bu'azza zai kai kaya Agadir, ya ce akwai wuri a motarsa. Juma'a muna tafe!"

"Mmi... gwiwarki fa?"

"Gwiwar ta ci gidansu! Shekara sha huɗu ina wanke gashi, sai wani ya jera min? Wata guda zan yi miki. Ki gaida min ɗana."

Ƙit, ta kashe.

Ghizlan ta daɗe zaune. Ta kalli bencin da take kai, wanda shi ne falonsu, shi ne ofishinta, shi ne wurin cin abinci. Ko mita biyu bai cika ba.

Nizar ya leƙo. "Me ta ce?"

Ta faɗa masa. Maimakon ya tausaya mata sai ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Kira ta yanzu ki faɗa mata, tun ba a loda kayan ba."

"Ka haukace? Ta gama gaya wa duk unguwa 'yarta na da bene a bakin teku! Tun rasuwar Baba ba ta da abin tinƙaho sai ni. In ce mata a mota nake kwana?"

"To ya za ki yi?"

"Gida za mu kama. Na wata ɗaya."

Ya yi dariyar takaici. "Ki kai uwarki gidan aro ta jera guminta a falon wani? Ghizlan, ina sonki kamar raina, amma ƙafata ba za ta taka wannan gidan ba."

"Kar ta taka!"

Ranar Talata suka sauko Agadir. Shi yana tuƙi, ita tana waya da dillalai, sabis na ɗaukewa a kowace kwana. A tsakiyar taro da shugabanta na kamfanin Faransa hoton ya sandare, ya bar mutumin baki buɗe. Kamar ta yi jifa da kwamfutar ta taga.

Kwana biyu tana hawa bene tana sauka. Gida tara ta gani. Duk na hayar wata ɗaya da kayansu a ciki, falo cike da katifun soso. Wanda babu kaya kuma sai an sa hannu na shekara. Wani dillali mai gashin baki ya dube ta sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, kina son gida mai gado da tukwane, amma falo wayam, kuma lallai mita biyar da huɗu? Fim za ku yi?"

Ta fito ba ta ko yi masa sallama ba.

Da la'asar ɗin Alhamis ta dawo filin bakin teku inda suka ajiye motar, ƙafafunta sun kumbura. Ta tarar Nizar ya cika tanki, ya wanke tagogi, ya goge ƙasa, har da 'yar tukunyar shukar na'a-na'a a bakin ƙofa.

"Wannan fa?"

"Baƙuwa za mu yi," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Ko ke ba ki shirya ba, ni na shirya."

Sai kawai ta fashe da kuka, irin na haushi, mai zafi. Ya ajiye tsumman ya riƙo ta.

"Ki kira ta, rabin raina. Har yanzu da sauran lokaci."

Ta ɗauki wayar sau uku, sau uku tana ajiyewa. Ba ta kira ba.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci kiran ya shigo.

"Mun shigo gari, 'yata! Kawunki ya ce wace unguwa?"

Ghizlan ta rufe ido ta tura musu alamar inda suke.

Motar kayan ta shigo filin tana tangaɗi, katifu biyar a ɗaure a baya cikin leda, kowacce ta fi bencinsu tsawo. Kawu Bu'azza ya leƙo yana waige-waige.

"Ke 'yar nan, wayarki ta ɓata! Ta kawo mu tashar masu yawon duniya. Ina benen?"

Lalla Zuhur ta sauko da ƙyar, farar jallabiya, sanda a hannu, ƙaton akushin kuskus naɗe a zani. Ta rungume 'yarta tana shinshinar wuyanta.

"Kin rame. Mu je gida, gwiwata ta gaji."

"Mmi..." Ghizlan ta ɗaga hannu ta yi nuni. "Mun... mun iso."

Tsohuwar ta bi hannunta da kallo har kan farar motar, da tukunyar na'a-na'a, da Nizar tsaye a bakin ƙofa cikin kayan Juma'a.

"Sannu da zuwa, Lalla. Shigo, gidanki ne."

Ta yi masa kallo ɗaya. Ta miƙa masa akushin, ta dafa ƙofa ta hau. Ta dubi gadon, ta dubi 'yar murhun, ta dubi kwamfutoci biyu a kan tebur. Sai idonta ya sauka a kan koren labulen. Ta sa sanda ta ɗage shi a hankali. Sitiyari ya bayyana.

Ta juyo ta dubi 'yarta.

"Wata nawa?"

"Sha huɗu, Mmi."

"Wata sha huɗu ina hira da labule." Ta jinjina kai. "Labulen da na ɗinka. Shi kika sa ya yi min ƙarya."

Nizar ya matso. "Lalla, laifina ne, ni na..."

"Yi min shiru, ɗana! Ni na haife ta. Wannan haukan nata ne, tun tana rarrafe ba ta zama wuri ɗaya."

Ghizlan ta zube a ƙasa ta kama gefen jallabiyar. "Tsoro na ji, Mmi! Na ji tsoron mutanen unguwa su yi miki dariya..."

"Mutanen unguwa?" Muryar tsohuwar ta ɗaga har kawu ya leƙo ya koma. "Su suka tsince ƙayar? A ɗaki ɗaya na haife ki, saman shagon babanki, girki a bakin ƙofa! Ni za ki ɓoye wa ƙaramin gida? Ba motar ce ta ƙona min rai ba, Ghizlan. Na tambaye ki awo, kika dube ni kika ce biyar da huɗu. Na zauna gaban mai ɗinki kwana ashirin ina cewa kar ya rage ko yatsa ɗaya, 'yata ta san awo!"

Hawaye ya gangaro mata, ta share da haushi kamar shi ma ya yi mata laifi. Ta sauka daga motar ta koma gaban motar kaya ta zauna, ta ja ƙofa.

Awa guda ba ta fito ba. Kuskus ya huce. Ghizlan na zaune a matakala, ji take da ma ƙasa ta tsage. Nizar ya haɗa shayi ya kai wa tsohuwar, ya dawo da kofi wayam.

"Ta ce sukari ya yi kaɗan," ya raɗa mata. "Amma ta shanye."

Can sai ga ƙofa ta buɗe.

"Bu'azza! Sauko min da katifar nan mai jan zare a kusurwa."

Kawu da Nizar suka sauko da ita suna nishi, suka shimfiɗa leda a ƙasa suka ɗora. Lalla Zuhur ta wuce 'yarta ba ta ko kalle ta ba, ta shiga motar, ta naɗe hannun riga. Ta ɗora gwiwar hannu a farkon bencin tana aunawa, kamu ɗaya, biyu, uku, da ɗan ɗori. Ta fito ta buɗe jakarta, ga almakashi, ga basilla, ga zare.

"Mmi, me za ki yi?"

"Huɗun nan Sefrou za su koma, a falona zan jera su. Tunda gidanki taya gare shi, hujja ta ƙare. Ki riƙa tuƙo shi kina zuwa ki zauna a kansu." Ta shafa jan zaren da yatsa, muryarta ta yi rauni. "Wannan kuwa ba za ta koma ba, daidai bencinki zan rage ta. Gashin ragon ƙarshe da babanki ya yanka yana cikinta. Na yi masa alkawari a gidanki zai zauna."

Ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ta cusa almakashi a cikin sabon yadin da ko zama ba a taɓa yi a kai ba. Ƙarar yankan ta ratsa Ghizlan har ƙirji. Farin gashi ya ɓullo, da ƙamshin sabulun gidansu da ranar saman soro. Ta toshe baki, kuka ya ci ƙarfinta.

"Ki yafe min, Mmi..."

"Kukan ya isa, za ki jiƙa min gashi. Kai kuma ɗana, ciro min labulena, da shi zan tafi."

Nizar ya haye da sauri har yana tuntuɓe.

Lalla Zuhur ta miƙa wa 'yarta bakin yadin, ta haɗa da hannunta ta matse.

"Riƙe min nan da kyau. Wannan karon ni na auna."